Ƙafar da Take Makara

Shekara goma sha tara teburina yana kallon ƙofar ɗakin Baba Sito, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ranar da wayar lantarki ta kama da wuta a bayan ofis kowa ya ranta a na kare, har da ni, takalmina ɗaya a hannu. Shi kuwa sai da ya kulle ɗakinsa, ya jijjiga kwaɗon ya tabbatar ya kama, sannan ya sauko yana tambaya ko an kira masu kashe gobara. Ni ce akawun sashen adana kaɗe-kaɗe da raye-raye, wato ni nake buga duk takardar da ba wanda zai karanta. Shi kuma shi ne mai kula da sito, inda ake ajiye kaset dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Sunansa na yanka yana nan cikin fayil, amma ko daraktoci Baba Sito suke ce masa.

Ɗakin nasa ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama. Akwai kantocin ƙarfe huɗu, da fanka mai karyayyen wuya da take hura bango, da bokiti biyu saboda yoyon rufi, da kujera ɗaya da aka ɗaure ƙafarta da waya. Kowace safiya yakan sauko da kaset ashirin, ya zura biro a ramin kowanne, ya juya zaren daga farko har ƙarshe, ya sake mayar da shi, wai don kada ya manne. In ya gama kanta ta huɗu sai ya koma ta farko. Ba wanda ya sa shi wannan aiki, ba kuma wanda ya taɓa tunanin hana shi.

Yadda aka yi ya shiga ɗakin nan labari ne da ake ba kowane sabon ma'aikaci a makonsa na farko, bayan an nuna masa banɗaki. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu aka ɗauke shi mataimakin mai ɗaukar sauti. A watansa na uku aka tura su wata unguwa ta bakin kogi su ɗauko waƙar wata ƙungiyar mata. A hanya cikin maigidansa ya ruɗe, ya miƙa masa rakoda da makirufo, ya ce abu ɗaya tak zai yi, ya riƙe makirufon daidai bakin masu waƙa. Matan su goma sha biyu ne. Ba su da ganga, ba sa tafi. Ƙafa ce gangarsu: wasu na rera baiti, duka su amsa da diddige da tafin ƙafa a kan ƙasa. Aka fara, ya riƙe makirufon a sama na minti ɗaya. Sauran minti goman kuwa tsakanin makirufon da ƙasa bai fi tsawon yatsa ba.

Daraktan wancan zamani ya kunna kaset ɗin, ya ji muryoyi can nesa kamar daga gidan maƙwabta, sai dim-dim-dim da ya cika ofis. Ya ɗauki jan biro ya rubuta LALATACCE a jikin kaset mai lamba ɗari da sha huɗu, ya tura saurayin sito har sai an neme shi. Shekara talatin da shida ke nan. An yi daraktoci biyar bayan wancan, ba a neme shi ba.

A labarin ofis hannunsa ne ya gaji. Abin da ba a faɗa, domin ba wanda ya sani, har ni sai da aikin gama ya gama, shi ne hannunsa lafiya lau yake, ido ne ya ja shi ƙasa. A layi na biyu, ɓangaren hagu, akwai wata yarinya da ƙafarta ta hagu take sauka kaɗan bayan ta kowa. Ya bi ƙafar da kallo, hannu ya bi ido. Bayan wata bakwai ya aure ta. Ita ce duk muke kira Inna, shi kuma in zai ambace ta sai ya ce mutuniyar.

Inna tana da ɗan shago a ƙofar gidansu, tana sayar da zare da allura da maɓalli. Mace ce mai tsadar magana, amma in ta saki ɗaya sai ka kwana uku kana jin ta. Tun aurensu ba ta sake rawa ba. Ba hana ta aka yi ba, ƙungiyar ce ta watse lokacin da aka ja titi ta tsakiyar unguwarsu, kowace ta bi mijinta, daga baya ɗaya bayan ɗaya suka bi ƙasa. Ba a taɓa ɗaukarsu a hoto ba, mai motsi ko marar motsi. Duk abin da ya rage na rawar nan a duniya shi ne dim-dim ɗin da ke cikin lalataccen kaset. Inna kuma ba ta taɓa jin sa ba. Baba Sito ya ce kayan gwamnati ne, ba ya fita daga sito. Ita kuma ta ce ba ta ga dalilin hawa benen ofis da ciwon gwiwa don ta ji abin da ita ta yi da ƙafarta ba.

Kowace Alhamis bayan azahar yakan tura ƙofarsa rabi, ya sa abin saurare a kunne, ya kunna ɗari da sha huɗu. Minti goma sha ɗaya yana zaune ba motsi, sai leɓensa da ke ɗan rawa. Shekara goma sha tara ina ganin wannan ta rabin ƙofa. Na san Inna tana cikin kaset ɗin, domin ya taɓa faɗa mini sau ɗaya, ranar da ruwa ya tsare mu a ofis. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa muryarta yake saurare, yana bin waƙar da baki. Ban tambaye shi ba, don ni mace ce da ba ta cika tambayar abin da take ganin ta riga ta sani ba.

Saura wata uku ya yi ritaya wasiƙa ta zo daga wata ƙungiya ta ƙasar waje. Suna da babban rumbu a intanet inda suke tara kiɗa da rawa na al'ummomin duniya, kowa ya shiga ya saurara kyauta. Sun ce za su karɓi kaset ɗari biyar daga wurinmu, da sharaɗin ana jin abin da ke ciki, kuma za su turo mai mayar da su cikin kwamfuta. Oga, daraktanmu na yanzu, ya karanta wasiƙar sau biyu yana murmushi. Abin nema ya samu, domin tun zuwansa yake kwaɗayin ɗakin siton nan ya mayar da shi ɗakin taro. Aka tambaye shi sauran kaset dubu ɗaya da ɗari takwas fa, ya ce za a san yadda za a yi da su. A ofishinmu wannan magana tana nufin bayan gini da ashana.

Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zaɓi ɗari biyar, aka kawo mini jerin in buga. Ina cikin bugawa na ji inuwa a kaina. Baba Sito ne, hannuwansa a baya.

"Malama Akawu, jerin nan an rufe shi?"

Na ce saura bugawa kawai.

"Ɗari da sha huɗu ba ya ciki."

"Baba, ai an rubuta masa lalatacce."

"Na sani. A gabana aka rubuta."

Ya ci gaba da tsayuwa a kaina. Mutumin nan ko aron biro bai taɓa yi a wurina ba. Na duba jerin, na ga kaset mai lamba ɗari tara da biyu, jawabin wani tsohon darakta ne na awa ɗaya da rabi a kan muhimmancin al'ada. Na cire shi na sa ɗari da sha huɗu a gurbinsa. Har yau ba wanda ya yi cigiyar jawabin.

Da na tsaya nan da na yi aikin lada. Amma ni in na fara alheri sai na kai shi inda ba a aike ni ba. Na tuna sharaɗin nan na cewa sai ana jin abin da ke ciki, na ji tsoro kada masu rumbu su dawo da kaset ɗin. Sai na tafi wurin mutumin da suka turo, wanda muke kira Injiniya. Mutumin kirki ne, ya kai shekara arba'in da biyar, ya san aikinsa, kuma ba shi da abokin gaba a duniya sai hayaniya. A wurinsa duk abin da ba murya ba ne, ba kuma kayan kiɗa ba, datti ne. Cikin mako uku ya cire tarin tsofaffi, da carar zakaru, da kukan jarirai, da babura sun fi ɗari daga tarihin ƙasar nan. Na ce masa akwai wani kaset da nake so ya zuba duk basirarsa a kai, matar Baba Sito tana ciki, ya fito mini da muryoyin nan fes. Ya ce in bar masa.

Baba Sito da kansa ya kai kaset ɗin, riƙe da hannu biyu. Injiniya ya ɗaga shi a haske ya ce zaren ya sile kamar ɓawon albasa, ya tambaya wa yake ta kunna kaset ɗin da aka ce ya lalace. Baba Sito ya dubi rufi. Aka sa shi a na'ura, ya tafi a hankali yana zubar da wani jan gari, kwamfuta tana ɗauka. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya miƙe, ya tsinke, ya cukurkuɗe a ciki. Injiniya ya ce mun yi sa'a, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kuma an kama ta. Ya miƙa wa Baba Sito ƙwanson kaset ɗin, shi kuma ya koma ya ajiye shi a gurbinsa, tsakanin ɗari da sha uku da ɗari da sha biyar.

Kwana uku Injiniya ya yi a kan minti goma sha ɗayan nan, ko abincin rana ba ya fita. A rana ta huɗu ya tara mu a ofishin Oga ya kunna a lasifika. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin abu mai daɗi haka daga sitonmu ba. Muryoyin da suke can gidan maƙwabta sun shigo ɗaki sun zauna tare da mu, har numfashinsu ana ji. Bayan kowane baiti sai a yi ɗan shiru, kuma in ka kasa kunne sosai akwai wasu ƙananan ramuka a cikin shirun, jere, kamar gurbin haƙoran da aka cire. Wuraren da Injiniya ya ƙwaƙule dim-dim ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Oga ya cire tabarau ya goge ido, ya ce daraktocin baya ba su da hangen nesa.

Baba Sito ya saurara har ƙarshe a tsaye. Da aka gama ya yi tambaya ɗaya, ya ce na farkon fa, wanda aka ɗauka kafin a wanke. Injiniya ya ce ma'ajiyar kwamfutarsa ta cika, don haka duk wanda ya gama wankewa yakan share mai dattin, ya ƙara da cewa ai ba a ajiye ruwan wanki bayan an shanya kaya. Baba Sito ya gyaɗa kai ya ce haka ne, an gode. Ya koma ɗakinsa a tafiyarsa ta kullum.

Na ba shi minti goma sannan na bi shi, ina tafe ina shirya yadda zan ce ba komai in ya yi mini godiya. Na same shi yana juya kaset da biro, kaset ɗin da ashana ke jira.

"Baba, ka ji muryar Inna kuwa?"

"Ba ta waƙa," in ji shi, bai ɗago ba. "Muryarta ba daɗi. Su da kansu suka hana ta. Rawa take yi."

Sannan ya ba ni labarin da na riga na ba ku, na layi na biyu da ƙafar hagu, a muryar da yake karanta lambobin kaset. Ya ce daga minti na biyu ake fara jin ta sosai. Kowa ya sauka tare, dim, sai ita ta biyo baya, ɗan kaɗan, kamar mai rufe ƙofa bayan baƙi sun fita. Ya ce sau ɗari biyu da sittin da ɗaya take yin haka kafin waƙar ta ƙare. Ashe abin da leɓensa ke yi duk Alhamis ke nan, ƙirga yake yi. Ya ce ba laifin kowa ba ne, ya ɗauki kaset na gaba.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira na rasa wa bawan Allah ido, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma na sauke kunyata a kan Injiniya, na ce masa abin da ba zan maimaita ba. Ya kwana biyu yana tonon kwamfutarsa, bai samo komai ba. Ya kuma buɗe ƙwanson ya gwada warware zaren, yana taɓawa yana marmashewa. A ƙarshe ya ce mini, cikin ladabi, ba wanda ya gaya masa cewa dattin ne kayan. Gaskiya ya faɗa, ni ce na aike shi.

Kaset ɗin ya hau intanet tare da sauran. A takardar bayani na rubuta rawar mata ta ƙafa. Bayan mako biyu masu rumbu suka rubuto suna godiya, suka ce sun saurara da kyau ba su ji rawa ba, suna ganin kuskuren bugawa ne, don haka sun sa shi a sashen waƙoƙin reno. A can ya yi farin jini fiye da duk abin da muka tura. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa jaririnta ba ya kai minti na uku sai ya yi barci. Oga ya sa na buga maganarta da manyan baƙaƙe na manna a allon sanarwa. Baba Sito ya sa tabarau ya karanta daga farko har ƙarshe, ya ce Allah ya raya.

Alhamis ɗin da suka rage masa bai fasa tura ƙofa rabi ba. Sai dai ba ya sa komai a kunne, zama kawai yake yi. Na duba agogo sau ɗaya, minti goma sha ɗaya ne cif. Daga ranar na juya teburina ya kalli bango, na ce hasken ƙofa ke damun idona.

Ranar ritayarsa aka yi taro a sabon ɗakin taro, wato ɗakinsa, an yi fenti amma bokitan suna nan. Sauran kaset ɗin an zuba su a buhuna an tura ƙarƙashin bene, domin ba a samu wanda zai sa hannu a takardar ƙonawa ba. Oga ya yi jawabi ya kira shi ginshiƙi. Aka ba shi agogon bango. Ya miƙa makullan da ba su da sauran abin buɗewa, ya jira aka ba shi takardar shaidar ya miƙa, sannan ya tafi.

Asabar ta zagayo na kasa zama. Na ɗauki wayata, na kuma ɗauki ƙaramar rakodar ofis ba tare da na rubuta a littafin aro ba, abin da ban taɓa yi ba. Niyyata in nemi gafarar Inna, in kuma roƙe ta ta bayyana mini rawar da baki, ko na samu abin aika wa masu rumbu su fitar da mu daga cikin jarirai. Na same su da la'asar a ɗakin da ke bayan shago. Tana kan kujerar roba, ƙafafunta a kan ɗan benci saboda kumburi, faranti a cinya tana ware maɓallai. Shi kuma yana tsaye riƙe da agogon bangon, yana neman inda babu kalanda.

Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi aiki. Na ce na zo da abin da zan kunna mata. Na shiga rumbun a waya, na wuce hoton wata da taurari da suka sa a sashen, na kunna. Ta ci gaba da ware maɓallai. Can hannunta ya tsaya. Ta fara kiran masu muryoyin, ta ce wannan Doguwa ce, wannan Mai Wushirya, wannan 'yar gidan mai kwalekwale, Allah ya ji ƙansu. Sai aka kai shirun farko, aka kai na biyu. Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya cire mu?"

Na ce ni ce, na faɗi yadda aka yi ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta ce sannu da aiki. Na ce mata har ƙafarta da Baba yake ƙirgawa ta tafi, wadda take makara. Ashe ban gama ɓarna ba.

"Wace ce take makara?"

"Ke," in ji Baba Sito, agogo a ƙirji. "Ta hagu."

"Ni? Malam, shekara shida ina rawar nan ban taɓa makara ba. Doguwa ce mai makara, duk unguwa an sani. Kafin ƙafarta ta iso ƙasa mu mun ɗaga."

Ya ce Doguwa tana ɓangaren dama. Ta ce tana hagu, kusa da ita. Ya ce yana tsugune a wurin, ya gani. Ta ce ita kuma tana cikin layin. Ta mayar da kai kan maɓallanta ta ce ashe Doguwa ya kamata ya aura, an yi asarar shekaru.

Wasa take yi, irin nasu na tsofaffi. Amma na dubi Baba Sito na ga abin da ban gani ba ko ranar da zaren ya tsinke. Fuskarsa ta faɗa. Ya jingine agogon a ƙasa, ya zauna a bakin gado. Kaset ɗin da zai raba gardama ya zama gari. Na riga na raba shi da sautin, ga shi kuma bakina ya jawo ana neman raba shi da mai ƙafar. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Inna ma ta gani. Ta juya wani maɓalli a yatsa. Sannan ta miƙa mini farantin ta ce in riƙe, ta ce in sake kunna waƙar daga farko. Ta ture bencin, ta sauke ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya tana cije leɓe, ta zame silifa, ta sa ni na naɗe tabarma har siminti ya fito. Ba ta tashi ba, tashi ya wuce ta. Ta dai matso bakin kujera ta gyara zani.

Na ciro rakoda, ban kai ga kunnawa ba Baba Sito ya karɓe ta daga hannuna. Ya durƙusa. Durƙuson ya ɗauke shi lokaci, gwiwa ɗaya ta fara zuwa, ɗayar ta yi shawara tukuna. Ya danna maɓalli, ya miƙa hannu ya kai rakodar dab da siminti.

"Ɗaga abin nan sama mana, Malam," in ji Inna. "Abin da ya kai ka sito ke nan."

Bai ɗaga ba. Na kunna waƙar a waya.

Matattun ƙawayenta suka rera baiti na farko, aka kai shiru, ta amsa musu. Ƙafa biyu ne a maimakon ashirin da huɗu, kuma kumburarru, ba zan ce rawar ta dawo ba. Amma ramukan nan da Injiniya ya bari suna nan a jere, kowanne daidai inda matan suka sauka tare. Ƙafarta ta dama takan faɗa cikin ramin cif. Ta hagu kuma sai ramin ya wuce kaɗan sannan ta iso. Ko ni da ban san rawa ba na ji. Na dubi Baba Sito, idonsa yana kan siminti, leɓensa yana motsi.

Ta kai minti goma sha ɗayan ba ta tsaya ba. Da waƙar ta ƙare gumi ya jiƙa ɗankwalinta, tana haki, ta jingina da kujera ta dube shi daga sama.

"Ka ji ko? Ko sau ɗaya ban makara ba."

"Na ji," in ji shi. "Ba ki makara ba."

Ya kashe rakoda. Tashi ya gagare shi, na sunkuya na kama shi ta hammata. Muna cikin miƙewa ya kawo bakinsa kusa da kunnena, ya faɗa a hankali yadda ba za ta ji ba.

"Ɗari biyu da sittin da ɗaya."